Rabon Ampili

Illiyasu ya zo da maganar bayan la'asar,
a ƙofar shagon Tankari da ke Mokoyo,
shayi na biyu bai ko tafasa ba.
Wai wani yaro a Yamai, mai na'ura da ɗaki mai sanyi,
ya ce muryarsa yake so. Muryar kawai.
Mu ukun, sai dai mu yi haƙuri.

Ba wanda ya tanka.
Tankari ya ci gaba da ƙirga kusoshin babur.
Arzika mai jita ya duba faratansa
kamar yau ya fara ganin su.

Shekara talatin da takwas muna Gawon Gulbi.
Muna samari muka raɗa sunan, ba mu san me muke faɗi ba:
itacen da ke tsirara da damina,
ya yi kore ranar da kowa ya bushe.
A Tasawa an ɗauke kuran, muka ƙarasa da batirin kamiyo.
A Madarunfa da kifi aka biya mu.
A Dakwaro ba a biya mu ba sam,
muka dawo a bayan motar shanu,
Rabe rungume da ƙahonsa kamar jariri,
Raben da muka kai makwanci shekaru shida da suka wuce.

Ampili ɗaya gare mu.
Kuɗin gyaɗar uwata na cikinsa,
da keken Arzika, da ragon layyar Tankari.
To ku gaya mini yadda ake raba shi huɗu.
Wa zai ɗauki waya, wa zai ɗauki gunjin?

Ba na ganin laifin Illiyasu.
Ƴaƴa bakwai, hawan jini, rufi mai yoyo.
Masu biki kuma sun daina kiranmu,
yaro ɗaya da ƴar na'ura a aljihu
yana cika musu fili a kan jika biyar.
Ni ma na gwada, kada in yi ƙarya.
Daren nan na ɗauko bas ɗina mai tsirkiya huɗu,
na zauna tsakar gida na kaɗa waƙar
da Maradi duka ta taɓa haddacewa.
Hajo ta leƙo daga ɗaki ta ce,
"Wa ya tada injin niƙa a daren nan?"
Ashe duk shekarun nan ni ƙasa ne,
wasu ke tafiya a kaina.

Illiyasu ya hau mota ranar Laraba.
Tankari bai raka shi tasha ba, ya ce wuyan hannunsa ke ciwo.
Gaskiya ne, yana ciwo.

Kwana tara, waya ta tashe ni da tsakar dare.
"Nomau, kiɗan nan nasu ba ya jira.
Kafin in ja numfashi ya wuce."
Na yi shiru. Ashe bai taɓa sani ba:
tun da ƙirjinsa ya fara gajiya, shekara goma ke nan,
Tankari ke riƙe sanda ƙiftawar ido guda
a bakin kowane baiti, don ya sami iska,
mu kuma mu toshe gurbin.
Masu rawa suna cewa salonmu ne.

Ban gaya masa ba.
Na ce ya sha zuma da citta, ya ƙarasa aikinsa,
kuɗi su shiga hannu kafin ya sa hannu.

Da safe na biya ta Mokoyo.
Tankari ya ɗora buta, ya wanke kofi huɗu
kamar kullum, ya kife ɗaya.
Ya ce akwai suna a Tibiri ranar Asabar,
sun tambaya ko muna nan.
"Me ka ce musu?"
"Na ce ban sani ba tukuna."
Arzika ya goge ampili da gefen rigarsa, ya jona waya.
Abin ya yi tari sau biyu, ya kama gunji,
muka zauna muna sauraronsa har shayi ya huce.